Hok Sochetra: Gwarzon Kambodiya a fili, wata uku a kujerar koci

Har zuwa ƙarshen shekarar 2024 babu ɗan wasan da ya ci wa ƙasar Kambodiya ƙwallaye kamar Hok Sochetra, wanda ya zura ƙwallo 20 a raga cikin wasanni 26 da ya buga wa ƙasar tasa.

Sai dai a lokacin da aka damƙa masa aikin horar da 'yan wasan ƙasar a watan Yulin 2012, bai wuce wata uku a kan muƙamin ba. Ya yi murabus a watan Oktoba, bayan da Kambodiya ta sha kaye a dukkan wasanni huɗu da ta buga na neman shiga gasar cin kofin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya.

Tun daga shekarar 2013 har zuwa 2024, hukumar ƙwallon ƙafa ta Kambodiya ba ta sake bai wa wani ɗan ƙasa wannan aiki na dindindin ba. Ta gwada ɗan Koriya ta Kudu, da ɗan Brazil, da ɗan Ajantina, da kuma 'yan Japan. Duk da haka ƙasar mai mutane kusan miliyan 17 ba ta kai ga gasar cin kofin nahiyar Asiya ba, wadda rabonta da ita tun shekarar 1972.

Tarihin Sochetra na taimakawa wajen fahimtar dalilin hakan, domin kuwa rayuwarsa ta yi daidai da rushewar ƙwallon ƙafar ƙasar da kuma faɗi-tashin da ake yi na sake gina ta.

Ƙasar da ta taɓa yin suna

Kafin yaƙi ya ɗaiɗaita ta, Kambodiya ba baya ba ce a fagen wasanni a yankinta.

A farkon shekarun 1960, zamanin mulkin Yarima Norodom Sihanouk, aka gina babban filin wasa na Olympic a Phnom Penh, babban birnin ƙasar, bisa zanen fitaccen masanin gine-ginen nan Vann Molyvann. A wannan fili ne Koriya ta Arewa ta doke Ostareliya sau biyu a watan Nuwamban 1965, ta samu gurbin zuwa gasar cin kofin duniya ta 1966 a Ingila.

A shekarar 1972, lokacin da ake kiran ƙasar Jamhuriyar Khmer, 'yan wasanta sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin Asiya da aka yi a Tailan. Sun lallasa Kuwaiti da ci 4 da nema, kafin Iran, wadda ta lashe kofin, ta fitar da su da ci 2 da 1. Ƙasashe shida ne kawai suka fafata a gasar, amma matsayi na huɗu da suka samu shi ne mafi girma a tarihin ƙasar. Shekara guda bayan haka suka raba kofin shugaban ƙasa na Koriya ta Kudu da ƙasar Bama.

An haifi Hok Sochetra ranar 27 ga watan Yulin 1974. Bisa al'adar mutanen ƙasar, sunan zuriya ne ke fara zuwa, don haka Sochetra shi ne sunansa na yanka, kuma da shi aka fi saninsa.

Bai cika wata tara a duniya ba mayaƙan Khmer Rouge, ƙarƙashin jagorancin Pol Pot, suka kama Phnom Penh ranar 17 ga watan Afrilun 1975. Suka kwashe mazauna birane zuwa gonaki, suka rufe makarantu, suka soke amfani da kuɗi. An yi ƙiyasin cewa mutane tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu ne suka mutu sakamakon kisa da yunwa da cututtuka da aikin bauta, kafin sojojin Biyetnam su kawar da gwamnatin a watan Janairun 1979.

Malamai da masu ilimi da mazauna birane na daga cikin waɗanda abin ya fi shafa. Su ne kuma rukunin da 'yan wasa da masu horarwa da alƙalan wasa da jami'an kulob-kulob ke fitowa daga ciki.

Faɗuwar Khmer Rouge ba ta kawo ƙarshen matsalar ba. A tsawon shekarun 1980 ƙasashen yammacin duniya da maƙwabta da dama sun ƙi amincewa da gwamnatin da Biyetnam ta kafa a Phnom Penh, yayin da ƙawancen da ya haɗa da Khmer Rouge ke riƙe da kujerar ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya. Sai bayan yarjejeniyar sulhu ta birnin Paris a 1991, da zaɓen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya a 1993, ƙofofi suka soma buɗewa.

Ke nan Kambodiya ta yi kusan shekaru ashirin ba a ganinta a manyan gasannin ƙwallon ƙafa. Yaran da suka taso a wannan tsakani, cikinsu har da Sochetra, sun koyi ƙwallo ne a ƙasar da kusan babu tsofaffin hannun da za su gada.

Mai cin ƙwallo a ƙungiyar da ke shan kaye

Komawar Kambodiya fagen wasa ba ta zo da daɗi ba. A gasar wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da aka yi a birnin Chiang Mai na Tailan a watan Disamban 1995, Indonesiya ta lallasa ta da ci 10 da nema.

A shekarar 1996 aka fara gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta ƙasashen yankin, wadda a lokacin ake kira Tiger Cup, a Singapo. Nan ma Kambodiya ta sha kaye a duk wasanninta huɗu. A shekarar ce Bajamushe Joachim Fickert ya karɓi aikin horar da ƙungiyar, ya kuma riƙe shi kusan shekaru bakwai.

Galibin wasannin da Sochetra ya buga wa ƙasarsa, daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa farkon shekarun 2000, ya buga su ne a ƙarƙashin wannan koci guda.

A wasannin share fagen gasar cin kofin duniya ta 1998, an haɗa Kambodiya rukuni ɗaya da Uzbekistan da Indonesiya da Yemen. Maki ɗaya tak ta samu a wasanni shida, daga kunnen doki na ci 1 da 1 da ta yi da Indonesiya a Phnom Penh a watan Afrilun 1997, kuma Sochetra ne ya ci mata ƙwallon. Makonni kaɗan kafin nan, Indonesiyan ta ci ta 8 da nema a birnin Jakarta.

Ko wata uku ba a yi ba bayan wannan wasa, faɗa ya ɓarke a titunan Phnom Penh a watan Yulin 1997, tsakanin dakarun firaministocin ƙasar biyu, Hun Sen da Yarima Norodom Ranariddh. Rikicin ya jinkirta shigar Kambodiya ƙungiyar ƙasashen yankin ta ASEAN har zuwa 1999. A irin wannan yanayi ne 'yan wasan ke atisaye.

A gasar Tiger Cup ta 2000 Kambodiya ta doke Laos da ci 3 da nema, nasararta ta farko a tarihin gasar, Sochetra na cikin waɗanda suka ci ƙwallayen. A ta 2002 kuma ta doke Filipin da ci 1 da nema, ko da yake Biyetnam ta ragargaje ta da ci 9 da 2.

Wannan ne ya sa ƙwallaye 20 ɗin nasa ke da nauyi. Ɗan wasan gaba a ƙungiyar da ke shafe yawancin wasa tana kare gida ba kasafai ƙwallo ke isa ƙafarsa ba. Amma shi a cikin kowane wasa huɗu yana cin kusan ƙwallo uku. Chan Vathanaka, tauraron da ya biyo bayansa a shekarun 2010, ya ci ƙwallo 19, amma a wasannin da suka ninka na Sochetra fiye da sau biyu.

Sochetra ya daina buga wa ƙasarsa wasa tun bai cika shekara talatin ba. A wancan lokaci ƙwallon ƙafa a Kambodiya ba sana'a ba ce da mutum zai dogara da ita ya riƙe iyali.

Wata uku a kan mulki

A watan Oktoban 2008 wani tsohon ɗan wasan ƙasar, Prak Sovannara, ya nuna cewa ɗan gida ma zai iya. Ya jagoranci Kambodiya ta tsallake wasannin share fage da aka yi a Phnom Penh, ta shiga babbar gasar yankin, wadda a shekarar aka sauya wa suna zuwa Suzuki Cup. Sai dai a can ta sha kaye a hannun Singapo da Indonesiya da Bama, kuma a shekara mai zuwa aka mayar da aikin ga ɗan Ostareliya Scott O'Donell.

Daga 2010 kuma aikin ya koma hannun Lee Tae-hoon, ɗan Koriya ta Kudu. A ƙarƙashinsa Kambodiya ta kasa tsallake share fagen Suzuki Cup ta 2010. A 2011 ta doke Laos da ci 4 da 2 a gida a wasan neman shiga gasar cin kofin duniya, amma aka rama mata da ci 6 da 2 a birnin Vientiane, aka fitar da ita.

Bayan tafiyar Lee ne aka naɗa Sochetra, yana da shekara kusan 38. Tsakanin naɗin nasa da wasan farko na share fage bai kai wata uku ba. A watan Satumba ƙungiyar tasa ta tashi canjaras babu ci da Filipin a wasan sada zumunta a birnin Phnom Penh, abin da ya ba magoya baya ƙwarin gwiwa.

A watan Oktoba aka hallara a birnin Yangon na ƙasar Bama, ƙasashe biyar na neman gurbi biyu. Timor ta Gabas ta ci Kambodiya 5 da 1, Laos ta ci ta 1 da nema, Brunei ta ci ta 3 da 2, sannan mai masaukin baƙi ta rufe da ci 3 da nema. Kambodiya ta ƙare a ta ƙarshe ba ta da ko maki ɗaya.

Shan kaye a hannun Brunei, ƙasar da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, abu ne mai wuyar karewa, kuma Sochetra bai jira an sallame shi ba.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin. Ƙungiyar Timor ta Gabas ta wancan lokaci na ɗauke da 'yan wasan da aka haifa a Brazil. A watan Janairun 2017 hukumar ƙwallon ƙafa ta Asiya ta haramta wa ƙasar shiga gasar cin kofin nahiyar ta 2023, bayan da bincike ya gano an yi amfani da takardun jabu wajen sanya wasu haifaffun Brazil a wasanninta.

Prak Sovannara ne ya gaji Sochetra, shi ma bai ji da daɗi ba. A watan Maris na 2013 Turkmenistan ta ci Kambodiya 7 da nema, Filipin kuma ta ci ta 8 da nema. Kafin shekarar ta ƙare aka sake kiran Lee Tae-hoon.

Wa ake yi wa haƙuri?

A nan ne bambancin ya fito fili. Lee ya sake kasa kai ƙasar babbar gasar yankin a 2014, amma aka bar shi ya ci gaba.

A watan Maris na 2015 Kambodiya ta fitar da Macau, ta kai zagaye na biyu na share fagen gasar cin kofin duniya. Ta sha kaye a duk wasanni takwas da ta buga da Japan da Siriya da Singapo da Afghanistan, amma dubban mutane sun riƙa cika filin Olympic domin kallo. A watan Oktoban 2016 kuma ta lashe duk wasanninta uku na share fage a gida, ta koma gasar Suzuki Cup a karon farko cikin shekaru takwas.

Wato Lee ya faɗi sau biyu a irin jarrabawar da Sochetra ya faɗi sau ɗaya, kafin ya ci a karo na uku. Jimillar shekarun da ya yi a kan aikin ta haura biyar.

Masu goyon bayan ɗauko koci daga waje na da hujjarsu. Ƙasar da ta yi asarar masu horarwa na zamani guda cur ba ta da inda za ta samo ƙwarewa cikin sauri sai waje. Iya cin ƙwallo daban, iya koyar da ita kuma daban. Bugu da ƙari, koci daga Japan ko Koriya ta Kudu kan zo da alaƙa da hukumomi da kamfanonin ƙasarsa, waɗanda ke taimakawa da kuɗi da kayan aiki.

Amma sakamakon da aka samu bai nuna cewa fasfon koci ne maganin matsalar ba.

A watan Agustan 2018 aka naɗa Keisuke Honda, tauraron Japan da ya taɓa buga wa AC Milan, a matsayin babban manajan ƙungiyar, alhali yana ci gaba da buga wa kulob ɗin Melbourne Victory na Ostareliya wasa. Da yake ba shi da takardar shaidar horarwa da ake buƙata, sai aka ba wa Felix Dalmas ɗan Ajantina muƙamin koci a hukumance.

An samu ci gaba a zamaninsu. Kambodiya ta fitar da Pakistan a watan Yunin 2019, kuma a ƙarshen shekarar matasanta suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar wasannin yankin da aka yi a Filipin. To amma a shekarar ce Iran ta ci ta 14 da nema a filin Azadi na birnin Tehran, kaye mafi muni a tarihinta.

Fili na zamani, tsohuwar matsala

A watan Mayun 2023 Kambodiya ta karɓi baƙuncin gasar wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a karon farko. Ƙasar Sin ta gina mata sabon filin wasa na Morodok Techo mai ɗaukar mutane dubu 60, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 150. Gwamnati ta ce kowa ya shiga kallo kyauta.

Ƙungiyar matasan ƙasar ta fara da doke Timor ta Gabas da ci 4 da nema, amma ta yi kunnen doki da Filipin, ta sha kaye a hannun Bama da Indonesiya, aka fitar da ita tun a matakin rukuni. Aikin Honda ya ƙare a nan.

Bayan kayen da Bama ta yi musu, shugaban hukumar ƙwallon ƙafar ƙasar, Janar Sao Sokha, ya sanar cewa zai sauka. Janar ɗin, kwamandan rundunar jandarma ta ƙasa, ya hau kujerar tun 2006. Sai dai ya janye murabus ɗin bayan da firaminista na lokacin, Hun Sen, ya buƙaci ya zauna. A tsawon waɗannan shekaru an sauya koci sau da dama, amma shugabancin hukumar bai motsa ba.

A watan Oktoban 2023 Pakistan ta fitar da Kambodiya daga share fagen gasar cin kofin duniya ta 2026, nasarar farko da Pakistan ɗin ta taɓa samu a irin waɗannan wasanni. A watan Satumban 2024 kuma Sri Lanka ta fitar da ita daga neman shiga gasar Asiya ta 2027 a bugun fenariti. Dalmas, wanda ya dawo kan aikin a 2023, ya tafi, aka ba wa Koji Gyotoku ɗan Japan.

Tushen matsalar na cikin gasar cikin gida. Shekaru da dama manyan kulob-kulob na ƙasar na hannun rundunar soji, da 'yan sanda, da jandarma, ko kuma wasu attajirai da kamfanoni, kuma samun kuɗinsu ya dogara ne ga ra'ayin mai gida. Da kuɗi suka soma shigowa a ƙarshen shekarun 2000, kulob-kulob sun fi son sayo 'yan wasan gaba daga waje. 'Yan Najeriya sun sha zama kan gaba wajen cin ƙwallo a gasar ƙasar a wancan lokaci. Hakan ya ƙara wa gasar armashi, amma ya rage wa matasan gida damar buga wasa a gurbin da Sochetra ya yi suna.

A gasar yankin ta watan Disamban 2024 hukumar ta ɗauki wata hanyar, inda ta sanya 'yan wasan da aka ba wa takardar zama 'yan ƙasa, cikinsu har da Abdel Kader Coulibaly, haifaffen Cote d'Ivoire, da wasu haifaffun Japan da Kolombiya. Duk da haka ƙungiyar ba ta wuce matakin rukuni ba.

Inda ake gina gobe

Aikin da ya fi alamar ɗorewa shi ne wanda ba a cika jin labarinsa ba. Kulob ɗin Phnom Penh Crown ya buɗe makarantar horar da yara a farkon shekarun 2010, ita ma hukumar ƙwallon ƙafa ta kafa tata cibiyar a Bati da ke lardin Takeo. Da dama daga cikin matasan da suka wakilci ƙasar daga 2019 zuwa 2023 daga irin waɗannan makarantu suka fito.

Shi kansa Sochetra, bayan barin ƙungiyar ƙasa, ya koma aiki a matakin kulob. Ya kasance cikin jagororin Visakha, wadda aka kafa a 2016, ta kuma lashe kofin Hun Sen sau uku a jere, a 2020 da 2021 da 2022. Abin da ya gagara cikin wata uku a ƙungiyar ƙasa ya samu a kulob ɗin da aka gina sannu a hankali, da kuɗi da kuma lokaci.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Sau da dama Kambodiya kan naɗa koci ana gab da gasa, ta kuma yi masa hukunci da sakamakon 'yan kwanaki. Fickert da Lee, waɗanda aka bari suka daɗe, su ne suka bar abin tunawa: ɗaya ya riƙe zamanin Sochetra, ɗayan kuma na Vathanaka.

Yanzu 'yan wasan da suka taka leda a shekarun 2000 da 2010 sun soma shiga aikin horarwa, kuma ba kamar Sochetra ba, su sun sami na gaba da za su koya a wurinsu. Abin jira a gani shi ne ko hukumar za ta sake amincewa da ɗan gida, kuma idan ta yi hakan, ko za ta ba shi shekarun da ta ba wa baƙi.